Bitar direban Linux mai aikin jinkiri: ta ina ya kamata in fara?

Ɗan Agege ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar manyanmu da suka daɗe suna aiki da kanel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'ura, domin an ɗora mini nauyin da ban taɓa ɗauka ba, kuma ba na so in sa hannu a kan abin da ban fahimta ba.

Ina aiki a wani ƙaramin kamfani a Yaba, inda muke haɗa akwatin da ake maƙalawa kusa da inbata domin ya riƙa lura da lafiyar batura, ya kuma aika wa mai shago saƙo idan an ɗauke wuta ko caji ya yi ƙasa. Akasarin masu saye 'yan kasuwa ne masu firiji ko injin buga takardu, waɗanda mutuwar batir ba zato ke jawo musu asara. A cikin akwatin akwai allo mai furosesar ARM da ke tafiya da kanel 5.15, sai wani ɗan guntu mai auna ƙarfin batir wanda ake magana da shi ta layin I2C. Abokin aikina ne ya rubuta direban wannan guntu, wato kod ɗin da kanel ke sarrafa shi da shi, aka ce ni zan yi bitarsa kafin a haɗa shi da sauran kod.

Ga yadda ya tsara shi. A cikin probe, wato kod ɗin da ke gudana idan aka haɗa direba da guntun, yana ware wurin ajiyar bayanan direba da devm_kzalloc, ya nemi layin katsewa (interrupt, siginar da ke tsayar da furosesa ta kula da wani abu) da devm_request_irq, bayan haka ya shirya aikin jinkiri (delayed_work, aikin da kanel ke gudanarwa bayan wani lokaci) da INIT_DELAYED_WORK, ya saka shi a layi da schedule_delayed_work. Aikin yana ɗaukar kwaɗon mutex, makullin da ke hana biyu taɓa bayanai a lokaci guda, ya karanta guntun, ya saki kwaɗon, sannan ya sake saka kansa a layi bayan 5 * HZ, wato daƙiƙa biyar. Katsewar tana zuwa ne duk lokacin da aka kawo wuta ko aka ɗauke, kuma tun da ba a iya karanta I2C a cikin mai amsa katsewa saboda karatun yana iya barci, sai ya kira schedule_delayed_work da jinkirin 200 a kan wannan aikin dai, yana nufin a jira wutar ta daidaita tukuna. Akwai kuma fayil a sysfs, inda ake saita direba daga wajen kanel, na canza tsawon jira, wanda ke ɗaukar kwaɗon, ya kira cancel_delayed_work_sync, ya canza adadin, ya sake saka aikin. A cikin remove, wanda ke gudana idan aka cire direban, layi ɗaya ne kawai, cancel_delayed_work.

Abubuwa uku na gani da na gwada. Na farko, wani lokaci idan na cire direban sai kanel ya faɗi bayan 'yan daƙiƙu, kuma sunan kworker, ma'aikacin kanel da ke gudanar da ayyukan da ke layi, shi ne ke fitowa a saƙon faɗuwar. Na biyu, idan na zare wutar gwaji, saƙon yakan zo nan da nan, yakan kuma makara har kusan daƙiƙa biyar. Na uku, sau ɗaya na rubuta sabon adadi a fayil ɗin sysfs, sai umarnin ya maƙale bai dawo ba har na sake kunna allon. Ina zargin remove, amma ban san yadda zan bayyana wa abokin aikina dalilin ba, kuma ina jin akwai abin da ban hango ba. Da wane tsari mai bita yake bin irin wannan kod?

Malamin Idi-Araba ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka kyauta da ka kawo bayanin dalla-dalla, domin daga abin da ka rubuta ana iya gano tushen matsalolin uku ba tare da an ga kod ɗin ba.

Idan aka kawo mini direba mai delayed_work, ba na farawa da karanta aikin kansa. Ina ɗaukar takarda in rubuta duk wurin da ake saka aikin a layi, ɗaya bayan ɗaya, sannan in je wurin da ake sakin wurin ajiyar da aikin ke zaune a ciki, in tambayi kowane suna da ke kan takardar ko yana da sauran ikon saka aikin a daidai wannan lokaci. A direbanku masu sakawa huɗu ne: probe, aikin da kansa, mai amsa katsewa, da fayil ɗin sysfs. Dalilin wannan tsanantawa shi ne delayed_work abu biyu ne a haɗe, work_struct da agogon timer_list, kuma tun kanel 2.6.20, lokacin da David Howells ya raba shi da aiki na yau da kullum, haka yake. Saboda haka aikin yana iya kasancewa a ɗaya daga hali uku, ko agogo yana ƙirga, ko agogon ya buga an saka shi a layin ma'aikata yana jira, ko wani kworker yana tsakiyar gudanar da shi. A duk hali ukun kanel yana riƙe da adireshin wani abu da ke cikin wurin ajiyarku. Idan kuka saki wurin alhali ɗaya daga cikinsu yana nan, kanel zai taɓa wurin da ƙila an riga an ba wani, kuma faɗuwar ba za ta zo a lokacin da aka yi kuskuren ba, sai bayan agogon ya buga. Shi ya sa ka ga ta makara da 'yan daƙiƙu.

Yanzu dubi remove. Abin da cancel_delayed_work ke yi shi ne cire agogon ko cire aikin daga layi, amma ba ya jiran aikin da ya riga ya fara gudana. Idan aka kira shi a lokacin da kworker ke tsakiyar karanta I2C, zai dawo hannu rabbana, remove ya ƙare, devm, wato tsarin da ke sakin abin da direba ya nema da kansa, ya saki wurin ajiya, shi kuma aikin ya gama karatunsa ya rubuta sakamako a wurin da aka saki, ya kuma ɗaura sabon agogo na daƙiƙa biyar a cikinsa. Maganin wannan ɓangare cancel_delayed_work_sync ne, wanda ke jira sai aikin ya fita, kuma an gina shi yadda ko aikin mai sake saka kansa ne ba zai tsere masa ba. Ka kuma lura kada a kawo maka gyara da cancel_work_sync a kan work ɗin da ke cikin delayed_work, ko da flush_delayed_work. Na farko ba ya kashe agogon, na biyu kuma gaggauta aikin yake yi ya jira shi ya gama, aikin kuwa a ƙarshensa zai sake ɗaura agogo.

Amma ko an saka mai sync ɗin, ba a gama ba, kuma a nan ne masu bita da yawa ke wucewa. Abin da aka nema da devm ba a sakinsa sai bayan remove ya dawo. Ma'ana, a lokacin da kuka soke aikin, katsewarku tana nan da rai. Idan wuta ta motsa tsakanin sokewar da sakin katsewar, mai amsa katsewa zai sake saka aikin, kuma babu wanda zai sake soke shi. A ƙasar da wuta ke zaune lafiya wannan taga tana iya shekara ba a faɗa cikinta ba. A Legas kuwa, inda ake iya kawo wuta a ɗauke sau uku cikin minti guda, ga kuma canji tsakanin janareta da layin gwamnati, ba zan yarda in kira ta ƙaramar taga ba.

Ƙa'idar ita ce a toshe masu sakawa na waje tukuna, sannan a soke aikin, sannan a saki wurin ajiya. Tun da devm yana sakin abubuwa ne a juye, na ƙarshen nema shi ne na farkon saki, hanya mafi tsafta a kanel ɗinku ita ce devm_delayed_work_autocancel, wanda ya shigo a 5.13 kuma yana cikin devm-helpers.h. A kira shi bayan devm_kzalloc amma kafin devm_request_irq. Da haka wajen rushewa katsewa ce za ta fara tafiya, kuma free_irq yana jiran mai amsawa da ke gudana ya gama, sai a soke aikin da jira, sai a saki wurin ajiya. Wannan jerin yana gyara wani kuskuren da ke cikin probe ɗinku wanda ba ka ambata ba: an nemi katsewa kafin a shirya aikin, alhali katsewa tana iya zuwa tun kafin devm_request_irq ya dawo, ta tarar da delayed_work da ba a shirya ba. Yana kuma rufe hanyar da probe ya gaza a tsakiya, wadda ba ta bi ta remove ko kaɗan.

Maƙalewar sysfs kuwa cirko-cirko ne na gargajiya. Mai rubutu ya riƙe kwaɗo yana jiran aiki ya gama, aiki ya tsaya a bakin kwaɗon yana jiran a saki. Ba a kiran duk wani mai sync alhali ana riƙe da kwaɗon da aikin ke ɗauka, haka nan ba a kiransa daga cikin aikin kansa. A wannan wuri ma ba ku buƙatar sokewa, ku canza adadin a ƙarƙashin kwaɗo, ku kira mod_delayed_work. Sai dai ka tabbatar an yi rajistar fayil ɗin ta dev_groups na direba, domin a nan kanel da kansa yake cire fayilolin kafin ya kira remove, kuma cirewar tana jiran mai rubutun da ke ciki ya fita. Idan da hannu aka ƙirƙira shi, to shi ma ya shiga jerin waɗanda za a toshe kafin sokewa.

Batun makarar saƙo na bar wa wani, domin hannuna ya gaji.

Hajiyar Obalende ta rubuta:

Salamu alaikum. Allah ya saka wa Malam da alheri, bari in ɗauki wanda ya bari, domin irinsa ya taɓa cinye mini kwanaki a wani aikin na'urar ƙirga wuta.

Ƙanena, schedule_delayed_work da queue_delayed_work ba sa canza agogon da ya riga ya ɗauru. Idan aikin yana jira, sai su dawo da false su tafi, ba su taɓa komai ba. A direbanku kusan kullum aikin yana jira, tun da a ƙarshen kowane zagaye yana ɗaura agogon daƙiƙa biyar, don haka kiran da mai amsa katsewa ke yi kusan ko da yaushe faɗuwa yake yi a banza. Lokutan da ka ga saƙo ya zo da wuri, sa'a ce kawai, agogon zagayen ne ya kusa bugawa. Abin da ake buƙata a nan mod_delayed_work ne, wanda ya shigo a kanel 3.7, yana janye agogon da ke nan ya ɗaura sabo, kuma an halatta kiransa daga cikin mai amsa katsewa.

Akwai wani ɗan wuri da nake so ka kula da shi idan gyaran ya dawo gare ka, domin mai gyara yakan yi zumuɗi ya maye gurbin kowane kira da mod_delayed_work. A ƙarshen aikin, inda yake sake saka kansa, a bar queue_delayed_work yadda yake. Kanel yana share alamar jira kafin ya shiga aikin, don haka idan katsewa ta zo yayin da ake karatu, za ta ɗaura gajeren agogo, kuma kiran ƙarshen aikin zai tarar da shi ya ƙyale shi, wanda shi ne abin da ake so. Idan aka sa mod a wurin, zai goge gajeren agogon ya maye shi da na daƙiƙa biyar, matsalar ta dawo ta ƙofar baya. Sannan ka yi tunanin ranar da wuta ke rawa ba tsayawa. Kowace katsewa tana tura agogon gaba, kuma muddin tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai tsawon jinkirin ba, ba za a taɓa karanta batir ba, a daidai lokacin da aka fi buƙatar karatun. Ni da zan sa iyaka, a riƙe lokacin karatun ƙarshe, idan ya wuce tsawon zagaye kada a ƙara turawa. Kwatanta lokutan kuma a yi shi da time_after, ba da alamar girma kai tsaye ba, domin a furosesa mai bit 32 ƙidayar jiffies, wato bugun agogon kanel, tana cika ta koma sifili, kuma da gangan kanel ke fara ta a inda za ta juye minti biyar bayan kunnawa domin irin wannan kuskure ya fito da wuri.

Sai lambar 200. Jinkirin da waɗannan kira ke karɓa da jiffies ake auna shi, ba da milisakan ba, kuma tsawon jiffy ɗaya ya dogara da HZ da aka zaɓa wajen gina kanel, galibi 100 ko 250 ko 300 ko 1000. Idan HZ 1000 ne, 200 ta yi daidai da nufinsa. Idan 250 ne ta zama milisakan 800, idan 100 ne ta zama daƙiƙa biyu cur. Duba CONFIG_HZ na allonku, amma ko me ka tarar, a rubuta msecs_to_jiffies. Duk lambar da aka rubuta tsirara a gurbin jinkiri ina mayar da ita ga mai ita, ban da sifili, wanda ke nufin a saka aikin nan take ba tare da agogo ba.

Kada kuma kowa ya ɗauka daƙiƙa biyar ɗin nan daidai take. Tun da Thomas Gleixner ya sake gina dabarar agogon kanel a 4.8 cikin 2016, agogo mai nisa ana jefa shi ne a rukuni mai faɗi, kowane mataki ya ninka na ƙasansa sau takwas, kuma makarar tana iya kai kusan kashi 12 cikin ɗari. A HZ 250, agogon daƙiƙa biyar yana faɗawa matakin da tazararsa milisakan 256 ce. Ba ya bugawa kafin lokaci, amma yana makara, sannan a ƙara lokacin jiran kworker da lokacin karatun kansa. Idan kod ɗinku yana lissafin cajin da ya fita ta hanyar ninka abin da ya auna da biyar, lissafin zai riƙa zamewa a hankali, kuma mai shago zai ga kaso na ƙarya. A auna ainihin lokacin da ya wuce da ktime_get a kowane zagaye.

Na ƙarshe, idan akwatin yana kwanciya domin tattalin batir, system_wq, layin da schedule_delayed_work ke saka aiki a ciki, ba ya daskarewa a lokacin, don haka aikin yana iya taɓa I2C bayan an kwantar da mai sarrafa layin. Ko a soke shi a suspend a maido a resume, ko a koma system_freezable_wq.

Ɗan Mile 12 ya rubuta:

Gaisuwa ga Malam da Hajiya. Ni ɗalibi ne a wannan fanni, amma ina da tambaya a kan batun katsewar. A wani direba da na taɓa karantawa, abin da suka yi shi ne ajiye tuta a cikin bayanan direba, remove ya ɗaga ta kafin ya soke aikin, shi kuma mai amsa katsewa ya duba ta, idan a ɗage take ya fita bai saka komai ba. Wannan bai fi sauƙi ba a kan sake jera probe gaba ɗaya? Layi uku ne kawai, kuma duk wanda ya karanta zai gane nufin nan take, ba sai ya san tsarin da devm ke bi wajen saki ba. Na kuma yi tunanin ko ƙirƙirar layin aiki na direban da alloc_workqueue zai warware komai, tun da destroy_workqueue yana kwashe abin da ke cikin layin kafin ya rushe shi.

Malamin Idi-Araba ya rubuta:

Tambayoyi ne masu kyau, ɗana, kuma duka biyun na sha ganin su a cikin faci, wato gyaran kod, da aka kawo mini, shi ya sa zan tsaya a kansu.

Tutar tana aiki ne kawai idan dubawa da sakawa sun zama abu ɗaya da ba a iya shiga tsakaninsu. Ka ɗauka allon yana da ƙwayar furosesa biyu. A ta farko mai amsa katsewa ya duba tuta ya ga a sauke take. Kafin ya kai layi na gaba, a ta biyu remove ya ɗaga tutar, ya kira cancel_delayed_work_sync, ya tarar babu abin sokewa, ya dawo. Sai ta farko ta ci gaba ta saka aikin. Tutar ta rage faɗin tagar amma ba ta rufe ta ba, kuma hakan ya fi haɗari, domin gwaji zai daina nuna faɗuwar alhali tana nan tana jiran na'urar da ke hannun mai saye. Idan za a yi da tuta, to a duba ta a saka aikin a ƙarƙashin spinlock ɗaya, wato kwaɗon da mai amsa katsewa ke iya ɗauka, remove ma ya ɗaga ta a ƙarƙashinsa, ya saki, sannan ya soke. Wannan daidai ne, amma ka ga layi ukun sun zama goma, kuma duk wanda zai ƙara sabon wurin sakawa nan gaba sai ya tuna da ƙa'idar. Akwai inda ba makawa sai an yi hakan, misali idan aikin da kansa yana kunna abin da ke saka shi, ta yadda babu wanda za a iya kashewa da farko. Saboda irin wannan ne Tejun Heo, mai kula da ɓangaren layin ayyuka (workqueue) tun da ya sake gina shi a 2.6.36 cikin 2010, ya kawo disable_delayed_work_sync a 6.10, wanda bayan sokewa yake sa duk wani yunƙurin sakawa ya faɗi. Amma ƙanenmu yana kan 5.15, kuma katsewarsa ba ta dogara da aikin ba, don haka jerawa ta wadatar.

Na biyun kuwa tarko ne. Aikin da agogonsa ke ƙirgawa bai shiga layin ba tukuna, yana hannun agogo, don haka destroy_workqueue ba ya ganinsa. Za a rushe layin, agogo ya buga daga baya, ya nemi saka aiki a layin da babu shi. Ko da layin naka ne, sai ka soke kowane delayed_work da jira kafin rushewa. Ana ƙirƙirar layi na musamman ne idan akwai dalili, kamar direban faifai da kanel ke dogara da shi wajen kwato wurin ajiya, wanda ke buƙatar WQ_MEM_RECLAIM domin a tanadar masa ma'aikacin ceto, ko inda ake so ayyuka su bi juna ɗaya bayan ɗaya. Karatun 'yan bayit ta I2C ba ya cikinsu.

Ɗan Agege, kada ka tsaya a karatu. Gina kanel na gwaji da CONFIG_PROVE_LOCKING, wanda zai kama cirko-cirkon sysfs ko da bai auku a zahiri ba, da CONFIG_DEBUG_OBJECTS_TIMERS da CONFIG_DEBUG_OBJECTS_WORK da CONFIG_DEBUG_OBJECTS_FREE, waɗanda ke kuka a daidai lokacin da aka saki wurin da ke ɗauke da agogo mai rai, da CONFIG_KASAN idan allon zai ɗauka. Sannan ka saka msleep na wucin gadi a tsakiyar aikin da ƙarshen remove domin tagogin su buɗe, ka riƙa cire direban kana mayarwa ta unbind da bind yayin da kake kunna wutar gwaji kana kashewa. Ka fara yin haka da tsohon kod, domin ka tabbatar gwajin yana kama laifin kafin ka yarda da shirunsa a kan sabon.

Ɗan Agege ya rubuta:

Malam, Hajiya, Allah ya ƙara ilimi, ya saka da mafificin alheri. Na yi kwana biyu ban dawo ba domin na so in zo da sakamako.

Na bi shawarar Malam na fara da tsohon kod. Da na kunna lockdep, wato CONFIG_PROVE_LOCKING, rubutu ɗaya a fayil ɗin sysfs ya ishe shi ya fitar da gargaɗin zagayen kulle-kulle tsakanin kwaɗonmu da aikin, alhali umarnin bai maƙale ba a wannan karon. Da na saka msleep a cikin aikin na cire direban, saƙon ODEBUG, na zaɓuɓɓukan CONFIG_DEBUG_OBJECTS, ya fito yana cewa an saki wurin da ke da timer_list mai rai, tare da jerin kiran da ya nuna devm ne ya saki. Wannan saƙon na kai wa abokin aikina, muka zauna muka karanta tare, kuma hakan ya fi mini sauƙi a kan in ce masa ina zargi. Da muka canza zuwa mai sync kaɗai, ba tare da sake jeri ba, na saka jinkirin a ƙarshen remove na taɓa wutar gwaji, saƙon ya sake fitowa kamar yadda Malam ya faɗa. Bayan mun koma devm_delayed_work_autocancel kafin neman katsewa, na bar madaukin unbind da bind yana gudana tun daga la'asar har na tashi daga ofis, wani rile, wato makunni mai aiki da kansa, yana kunna wutar yana kashewa, ba a ga komai ba.

Hajiya, CONFIG_HZ namu 100 ne, don haka ko a ranar da kiran katsewar ya yi nasara, daƙiƙa biyu yake jira maimakon milisakan 200. Mun gyara shi, mun sa mod_delayed_work a mai amsa katsewa da sysfs, mun bar queue_delayed_work a ƙarshen aikin, kuma na nemi ya rubuta bayanin dalilin a saman layin domin kada wani ya zo ya daidaita su. Lissafin caji ma da biyar yake ninkawa, kamar kin gani da idonki, kuma yanzu yana amfani da ktime_get. Da na sake rubuta jerin masu sakawa a takarda, na tarar da na biyar da ban ambata muku ba domin ni ma ban gan shi ba: akwai kiran da tsarin power_supply, ɓangaren kanel mai kula da batura da majiyoyin wuta, ke yi mana idan wata majiyar wuta ta canza, kuma shi ma yana saka aikin. An yi rajistarsa da devm bayan katsewa, don haka a sabon jerin yana tafiya kafin a soke aikin, amma da sa'a aka dace, shi ya sa na sa a rubuta shi a bayanin facin.

Wannan na biyar ɗin ya buɗe mini wata tambaya da ban warware ba. Aikin yana kiran power_supply_changed idan ya ga canji, ma'ana yana taɓa abin da a sabon jerin ake rushewa kafin a soke shi. Idan na matsar da rajistar power_supply zuwa kafin shirya aikin, to za a soke aikin alhali kiran nan yana iya sake saka shi. Ina ganin wannan shi ne irin yanayin da Malam ya ce kowane ɓangare yana dogara da ɗaya, kuma a 5.15 ba mu da disable_delayed_work_sync. Abin da na rubuta a bitar yanzu shi ne a yi rajistar power_supply da farko, a ƙara tuta a ƙarƙashin spinlock domin wannan kiran kaɗai, a ɗaga ta a farkon remove, sannan kada probe ya saka aikin sai a layinsa na ƙarshe, kuma kiran ya ƙi sakawa har sai probe ya sauke tutar bayan ya shirya aikin. Malam, idan akwai hanyar da ta fi wannan a kanel ɗinmu, ina so in ji kafin Litinin, domin ranar ce za mu haɗa facin.